Iskar da Na Rage a Hanyar Kano

Akwai labarin da kuka tashi da shi a gidan nan, ku 'ya'yana, har kun fara gadar wa naku 'ya'yan: wai wani mai faci a Unguwar Shanu ya taɓa cika wa tayarmu iska fiye da kima, ta fashe a hanyar Kano, saura kaɗan ku wayi gari marayu. Sallar bara na ji Zainab tana ba mijinta shi a falo, da ƙarin gishirin da ban san ranar da aka barbaɗa ba. A nata labarin motar har sau uku ta wuntsila. Motar ba ta wuntsila ko sau ɗaya ba, mai facin kuma bai yi laifin komai ba. Mutanen unguwa sun san haka tun a shekarar, don na faɗa musu da bakina. Ku ne ban faɗa wa ba. Kuna nesa, wasu a makaranta wasu a gidajen aurensu, labarin farko ya iske ku ta waya, ni kuma na bar gyaran ya taho muku da ƙafa, har yau bai iso ba. Shekara talatin da uku na yi ina jan jar biro a kan kuskuren 'ya'yan mutane. Ga nawa nan, zan ja masa layi da kaina.

Shekarar da na ajiye alli ce. Na koyar da kimiyya a sakandare har gashina ya koma launin abin da nake rubutu da shi, duk tsawon lokacin kuma a motar haya nake zuwa aiki, a matse tsakanin mutane da kwandunan tumatir. Da giratuti ya fito sai na sayi mota 'yar Kwatano mai ruwan toka, na koyi tuƙi ina da shekara sittin a filin ƙwallon wata firamare. Wanda ya koya mini tsohon ɗalibina ne da na taɓa ba sifili, na kuwa lura bai manta ba. Ummanku ta ce tunda ta aure ni ba ta taɓa ganin ina shafa wani abu da tausayi kamar yadda nake shafa motar nan ba. Ban musa ba, don ban ga ta inda zan fara ba.

Malam Ilu mai faci mutumin Gusau ne. Ya daɗe a Kaduna, amma harshensa bai taɓa yarda ya baro gida ba. Yana zaune ne jikin katangar maƙwabcinmu Alhaji Bala, ƙarƙashin dalbejiya, a kan hanyar da ke fita Kawo, da injin iskarsa mai yin tari kafin ya tashi, da rabin duro na baƙin ruwa. Sauran masu faci, in ka kawo mota, su shuri tayar da ƙafa ko su ƙwanƙwasa ta da sifana su kasa kunne, kamar masu zaɓen kankana. Shi Ilu geji gare shi na auna iska, naɗe cikin tsumma a aljihun gaba. Ranar da na fara kai masa motar, na riga na sunkuya a gida na karanta abin da ke rubuce a jikin tayar, saboda haka da shirina na je.

"Malam Ilu, arba'in da huɗu za ka sa mata."

"Wa ya ce, Mallam?"

"A rubuce yake. Ga shi nan a jikinta."

"Wagga lamba iyakar taya ce, wadda in an wuce ta sai abin da Allah ya yi. Abin da mota taka so yana jikin ƙohwarka. Buɗe mu gani."

Na buɗe ƙofar direba. A jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai akwai wata 'yar takarda manne, wadda na yi mako biyu ina gogar ta da kafaɗa ban gan ta ba. Rubutun da harshen mutanen da suka fara hawan motar ne, ni da Ilu duk babu wanda ya iya shi, amma akwai zane: mutum biyu, talatin da biyu gaba da baya, mutum biyar da akwatuna, talatin da shida a baya. Ya ɗora baƙin yatsansa a kan lambar kamar yadda nake ɗora sanda a allo.

"Kuma da sahe aka aunawa, tun ba ta yi tahiya ba. In ta ɗau zahi, ƙarya taka yi maka."

Na yi masa godiya irin ta wanda aka gyara wa karatu a gaban ɗalibansa. Mako bai zagayo ba na sayi nawa gejin, ba don motar ba, don in riƙa bin bayan aikin Ilu yadda sufeto ke faɗowa aji babu sanarwa. Wata uku ina aunawa a ɓoye, ban kama shi da kuskuren ko ɗigo ba. Ya kamata wannan ya kwantar mini da hankali. Haushi ya ƙara mini.

Cikin bazarar shekarar Zainab ta haihu na biyu a Kano, muka shirya zuwa suna: ni, da Ummanku, da yayarta Inna Asabe, da buhun shinkafa, da na gero, da jarkar man gyaɗa, da wasu ƙulle-ƙulle da ba a gaya wa maza abin da ke ciki. Da safe muka tsaya wurin Ilu. Ya dubi but, ya dubi yadda bayan motar ya zauna, ya dubi Inna Asabe cikin ladabi, ya ce talatin da shida. Sannan ya ce sai an sauke kayan ya ga tayar sifiya da ke ƙasansu.

"Kai bawan Allah, suna za mu, ba gwanjo ba," in ji Inna Asabe. "Kayan da muka yi awa guda muna shiryawa?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wadda ba a gani ita aka mantawa."

Aka sauke. Sifiyar kuwa a lafe take, babu iska ko ta hura wuta. Ya daɗe yana ba ta, inji na ta kuka, Inna Asabe na cikin mota tana fifita da gefen mayafi tana jin ƙarar. Ita dai abin da ta riƙe shi ne mai faci ya yi ta bugun iska ba ƙaƙƙautawa.

Da muka wuce Zariya azahar ta yi, muka tsaya a wani masallacin bakin hanya. Rana tana dukan kwalta har kana ganin tana rawa. Mata suka zagaya ɓangarensu, ni na idar na fito na kewaya motata. Na taɓa tayar baya, na janye hannu. Na ɗauko gejina: arba'in da ɗaya. Wani direban motar haya da ke wanke fuska kusa da ni ya leƙo.

"Alhaji, rage mata. Ranar nan ba ta wasa. Mu duk nan muke ragewa."

Ban buƙaci shawararsa ba, don abin da ya faɗa darasina ne. Iska in ta ji zafi buɗewa take yi. Shekara talatin da uku ina ɗaura balan-balan a bakin kwalba, in tsoma kwalbar a ruwan zafi, yara su ga ya kumbura su yi tafi. Ga taya ta hau daga talatin da shida zuwa arba'in da ɗaya, iyakarta arba'in da huɗu, ga sauran tafiya, ga sauran rana. Na tuna maganar Ilu cewa taya mai zafi ƙarya take yi, na ce a raina wannan maganar mai faci ce, ni kuwa ina da dalili. A gaskiya har daɗi na ji, na kama shi a ƙarshe. Na cire murfin bawul, na danna da kan makulli, iska ta yi ta fita. Na sauke ta zuwa talatin da biyu, na ga ai gara in bar wa rana wuri, na ci gaba har ashirin da biyar. Na yi wa ɗayar ta baya haka. Na mayar da gejin aljihu kafin mata su fito, wanda ke nuna ko a lokacin wani sashe na zuciyata ya fi sauran hankali.

Ba mu yi tafiyar minti arba'in ba na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujera. Bayan motar ya fara wutsil-wutsil, sitiyari ya ƙi jin magana, ni kuma na yi abin da sabon direba ke yi, na taka birki da dukan ƙarfina. Muka sauka daga kwalta, muka gangara wata gona da ba a riga an share ba, muka tsaya a jikin kunya. Ummanku ta tokare da hannun dama. Ba ta yi kuka ba, salati kawai ta yi, ta riƙe wuyan hannun da ɗayan, na ga ya kwanta yadda hannu ba ya kwanciya. Mutanen wani ƙauye da ke kusa suka taho suka tura mu sama, wani ya sa jak, aka ɗaura sifiyar nan da aka yi rigima a kanta da safe. Ita ta mayar da mu Zariya a hankali, asibiti, inda aka ce karaya ce, aka sa filasta. Muna zaune a benci Inna Asabe ta yanke hukunci.

"Mai facin nan ne. Ina ji yana ta ɗura mata iska kamar zai tashi jirgi. Na faɗa, babu wanda ya saurare ni."

Ummanku ta dube ni. Na dubi ƙasa, na yi ajiyar zuciya. Ina so ku lura da wannan, don a nan laifin yake, ba a bakin masallaci ba. A can kuskure na yi. A benci kuwa na san abin da nake yi. Ban taɓa buɗe baki na ce Ilu ne ba, ko sau ɗaya. Duk wanda ya zo jaje ya ambaci sunansa, sai in girgiza kai in ce a bar wa Allah. Mutane suka ɗauka haƙuri ne, har ana yabona. Inna Asabe ta kwana uku a gidanmu, kwana uku kuwa sun ishe ta. Kafin ta tafi babu gidan da ke da mota a layinmu da bai ji ba. Ma'aikatan da ke tsayawa wurin Ilu da safe kafin su wuce ofis suka koma wurin wani mai shurin taya a gaba.

Rana ta biyar Ilu ya zo dubiya da lemo a leda. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe da Ummanku, ta amsa masa da sakin fuska, abin da ya ba 'yan dubiya mamaki. Da zai tafi ya ce in ba damuwa yana son ganin tayar. Na kai shi inda na jingine ta. Ya juya ta, ya zura hannu ciki, ya fito da baƙin gari a tafinsa kamar an daka gawayi. Ya bi gefenta da yatsa, inda wani layi ya zagaye ta kamar an tauna. Sannan ya warware tsummansa, ya tsuguna gaban ɗayar ta baya, wadda ba ta fashe ba, ya auna. Na hango lambar ta saman kafaɗarsa. Ashirin. Ya daɗe a tsugune.

"Mallam, kun tsaya a hanya?"

"Mun tsaya salla."

"Allah shi karɓa."

Ya naɗe gejinsa, ya yi sallama ya fita. Na tsaya ina jiran ranar da zai yi magana, na ma shirya amsoshi. Ranar ba ta zo ba. Mako uku ina wucewa ta gabansa da ƙafa, yana zaune shi kaɗai, injin a rufe da buhu, ya ɗaga mini hannu ya ce ya mai jiki.

A makonnin nan na koyi aikin da ban taɓa yi ba. Ni ke yanka albasa, ni ke ɗaura wa Ummanku ɗankwali, ta dubi madubi ta ce ta yi kama da mai ciwon haƙori. Wata safiya ina cikin wannan fama Alhaji Bala ya aiko a kira ni ƙofar gida. Ya kama hannuna, ya ce ya gaya wa Ilu ya nemi wani wuri kafin wata ya mutu, ba zai ajiye mai kashe mutane a jikin katangarsa ba. Ya ce don ni ya yi, ai maƙwabtaka ta wuce haka. Na yi masa godiya. Na koma ciki na ɗauki ɗankwalin, na gaya wa Ummanku abin da aka yi, da murya irin ta mai karanta sanarwa.

"Ka gode masa?"

"To me zan ce?"

"Malam, katangar masallacin nan ba ta kai kafaɗata ba. Ina sallame salla na ji tsiii, na ce ko maciji ne. Na leƙa na ga mijina a tsugune."

Na tsaya da ɗankwali a hannu.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ni na rage iskar? Hannuna dai zai warke, likita ya ce mako shida. Mutumin can 'ya'yansa bakwai, ya riga ya tura uwarsu da ƙananan gida. Ina ta jira in ga malamin da ya kori ɗan kwamishina daga ɗakin jarrabawa saboda satar amsa. Na ce ko shi ma ya yi ritaya ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi ɗankwalin da hannun hagu ta ce in bar shi, za ta yafa mayafi.

Bayan la'asar na tafi majalisa, benci biyu da tabarma a ƙofar Alhaji Bala, inda tsofaffin ma'aikata ke gyara ƙasar nan kullum kafin magariba. A wurin ni ne ake tambaya in an yi gardama kan husufin wata ko dalilin da ya sa firji ke ɗumi ta baya. Wannan kujerar ce nake tsoron rasawa, kuma da na auna ta da 'ya'ya bakwai na ji kunyar ƙanƙantarta. Ban zauna ba. Na tsaya kamar zan fara darasi, na faɗi komai: lambar da Ilu ya sa, lambar da na mayar, makullin, sifiyar da ta kai mu asibiti, da zuwansa gida ya gani ya yi shiru. Ilu na can ƙarƙashin dalbejiyarsa, taku ashirin daga wurin, yana jin rediyo.

Sai wani tsohon akawu ya ce, "Wato dai Malam, kimiyyar ce ta fashe." Aka kwashe da dariya, har da masu tari. Daga ranar sunana a majalisa Malam Rage-Iska, ko gardamar ruwan sama aka yi na sa baki, sai wani ya ce a bari a tambayi Ilu. Alhaji Bala kaɗai bai yi dariya ba.

"Ka zuba ido na ci mutuncin bawan Allah saboda kai, har ka yi mini godiya."

Ya tashi, ya taka zuwa wurin Ilu da kansa, na ga ya cire hula yana magana. Ni kuwa ya yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma bai zalunce ni ba. A ranar dai, da ya dawo benci, ni ma na tafi wurin Ilu. Taku ashirin ɗin nan sun fi mini hanyar Kano tsawo. Na nemi gafara da kalmomin da suka zo, ba masu kyau ba ne, ban shirya su ba. Ilu ya kashe rediyo, ya ce ya yafe duniya da lahira, ya jawo mini tsohuwar taya na zauna. Sai ya tsinci wata 'yar waya ta ƙarfe a ƙasa ya miƙo mini.

"Lanƙwasa ta, Mallam. Miƙe ta. Sake. Yi ta yi da sauri."

Na yi ta yi. Kafin in ƙirga ashirin wurin lanƙwasar ya ƙona mini yatsa, kaɗan kuma ta karye biyu.

"Haka taya mai ƙarancin iska taka yi, duk juyi guda ta lanƙwashe ta miƙe, ga kaya bisa kanta. Ba rana ta kashe ta ba, ita ta dahwa kanta. Hawan da ka gani na zahi, waɗanda suka rubuta lamba sun san da shi. Da ka bar ta, da ta kai ku ta maido ku."

Na taɓa koyar da wannan ma, a wani zangon karatu daban, babi daban. Ban taɓa haɗa babin biyu a taya ɗaya ba. Na tambaye shi abin da ya fi damuna, me ya sa bai tona ni ba ranar da ya auna, alhali abincinsa ne ke tafiya.

"In na hwaɗi, mi za ka ce? Musawa za ka yi, ga mutane, ga iyalinka kwance. To ka ga ka yi ƙarya da bakinka ke nan, kuma mutum irinka in ya yi ta, riƙe ta zai yi har kabari. Na ga har yanzu shiru kawai ka yi. Na ce bari in bar maka hanya."

"Da ban zo ba fa?"

"Da na tahi Gusau. Can ma akwai tayu."

Bai tafi ba. Ba duka masu motocin suka dawo ba, don wasu sun ji zargin ba su ji wankewar ba, kamar ku. Iyalinsa sai bayan damina suka komo. Abin da ya rasa a watannin nan ban iya mayar masa ba, ya kuma ƙi duk wata dabara da na ɓullo da ita. Yana nan har yau a jikin katangar, gemu ya yi fari. Na zauna da shugabannin makarantu da masu digiri bibbiyu, ban ga wanda ya yi mini alheri irin na mutumin da ya san laifina, yana da hujja a tafin hannunsa, ya zauna da yunwa ya jira ni. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da shi, da kuma matar da ta san lokacin yin shiru da lokacin daina shi.

In kun zo gida, ku tsaya ku gaishe shi, ku fito daga mota ku gaishe shi, ba ta taga ba. Ummanku kuwa har yanzu wuyan hannun nan yana mata tsami in hadari ya haɗu. In kun ga tana murza shi, jikokina suka tambaya wa ya jawo, ku ce kakansu ne.